Uban Kaifi da Dutsen da Bai Taɓa Ƙujewa Ba

Duk wanda bai taɓa ganin mijin 'yar ƙanena ba, to da sauransa a kallon manyan mutane. Mutum ne wanda tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki, muryarsa kuma ta riga tumbin. In ya yi gyaran murya, kajin maƙwabta kan daina tono su saurara. Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya daɗe da yi masa kaɗan, don haka ya ɗinka wa kansa sabo daidai faɗinsa: Uban Kaifi. Babu wanda ya naɗa shi. Shi ya kira kansa, shi ya amsa, mu kuma muka ce Allah ya taya riƙo.

Kafin ya zama uban wani abu, mai kula da sito ne a wani ofishi. A can ya ƙare ƙuruciyarsa yana gadin shebur da bokiti da tsintsiya. Kuma dole a yaba masa. Ranar da ya ajiye aiki, an tarar da tsintsiyoyin da aka kawo tun zuwansa suna nan a ɗaure, ko tsinke ɗaya bai zube ba. Ofishin ya yi datti har gizo-gizo ya ga jikokinsa a silin, amma kayan sito lafiya lau. Daga wannan aiki ya fito da ilimi guda ɗaya tak, ya riƙe shi kamar gado: kaya mai kyau shi ne wanda ba a ganin alamar aiki a jikinsa.

Da ya bar aiki sai ya buɗe shago a bakin titi, tsakanin mai facin taya da mai gyaran agogo. Yana sayar da kayan masu shiga daji: tocila, igiya, ƙugiyar kamun kifi, tanti mai naɗewa, da wuƙaƙe a cikin kubensu. Shi kansa dajin da ya fi sani shi ne ciyawar bayan shagon, ita ma ba ya shiga sai an tabbatar masa babu maciji. Amma ya sayi hula mai faɗin baki, da takalmi mai nauyin turmi, da wando mai aljihu har a gwiwa. In ya tsaya a ƙofar shago sai ka rantse yanzu ya dawo daga kokawa da zaki, alhali daga ɗakin karin kumallo ya fito.

Duk wannan ado ne kawai. Ainihin girman nasa yana cikin aljihun ƙirji, saitin zuciya. A nan dutsen yake zaune. Dutsen washi ne ɗan ƙarami, irin na sawa a aljihu, bai fi guntun sabulu ba, launin toka, a cikin 'yar jakar fata mai maɓalli. Ya ce daga ƙetare aka kawo shi, daga cikin wani tsauni da ba a barin kowa ya hau.

Kowace safiya, kafin ya tambayi matarsa yadda ta kwana, sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur ya kwantar da dutsen. Ya hure shi. Ya lakato man goge takalmi, irin farin nan, ya shafe shi sama da ƙasa. Ya bar shi ya sha. Ya bi da buroshi, ya bi da auduga. Shekara da shekaru ana haka, har dutsen ya yi santsi yana sheƙi. Ƙuda in ya sauka a kai sai ya zame ya faɗi. Ni dai duk dutsen washin da na taɓa gani kaushi gare shi kamar harshen kyanwa, kuma yana ramewa a tsakiya, don yana cin ƙarfe, ƙarfe na cin sa. Amma waɗannan duwatsun talakawa ne. Na surukina, mutum zai iya duba haƙoransa a ciki.

Ba ya barin alheri ya tsaya a gida. Duk wanda ya shigo shagon, ko batir ya zo saye, sai ya sha karatu.

"Malam, ka dubi wannan. Da ido, da ido, mayar da hannunka. Ka ga ƙwarzane? Ka ga tsagewa? Babu! Dutsen aljihu abu uku ake nema a jikinsa: ƙarko, ƙarko, sannan ƙarko. Waɗannan na kasuwa, ka yi wata shida kana aiki da su sai ka ga sun lotsa kamar tsohuwar katifa. Rashin asali ne. Dutse mai asali, yadda ka same shi haka jikanka zai gaje shi."

Mai sayen batir ya ce gaskiya ne, don a ba shi batirinsa ya tafi.

Wata ranar hutu ya tara jama'a a ƙofar shago don gwaji na ilimi. Aka kafa tsani, aka riƙe masa, ya hau rufin da kyar yana nishi. Daga can ya jefo duwatsun kasuwa ɗaya bayan ɗaya a kan siminti, suka farfashe, yana girgiza kai da tausayi. Da aka zo kan nasa, sai ya ce a dakata. Aka fito da katifar ɗakin baƙi aka shimfiɗa. Ya mayar da dutsen cikin jakarsa, ya naɗe jakar da tawul, ya yi addu'a, ya sake shi a hankali. Da aka kwance, ga dutse garau. Ya ɗaga hannu biyu daga saman rufi kamar wanda ya ci yaƙi. Mai facin taya ya tambaya, to ina amfanin katifar? Ya ce don a kare simintin ne, kada dutsen ya fasa wa mai gida dabe.

Ana nan, wata rana 'yar ƙanena ta fito daga kicin da wuƙarta da ta dakushe.

"Baban yara, ɗan goga mini ita a dutsen nan naka mana. Nama nake ta fama da shi tun ɗazu."

Ya dube ta kamar ta ce ya ba ta hularsa ta kwashe shara.

"Wuƙar albasa? A kan wannan? Gwaggo, kina jin 'yarki? Wannan dutse na wuƙaƙen daji ne, na mazan da ke kwana inda babu ƙofa. Ki kai ta wajen masu yawo da injin washi."

Ta kai. Haka wuƙar maƙwabci, haka almakashin mai aski, haka wuƙarsa shi kansa. Kowace ta zo sai a ce ba ta kai ba. Dutsen nan ya shekara goma sha a aljihu yana jiran wuƙar da ta isa, ba a haife ta ba.

To, akwai wata ƙungiya a garin, ta masu fita daji. Dattawa ne masu tumbi, 'yan fansho da 'yan kasuwa, waɗanda duk ƙarshen wata sukan cika motoci su tafi bakin kogi, su kama kifi, su gasa, su ɗauki hoto, su dawo suna ba matansu labarin kada. Suna da ɗakin taro a saman wani kanti, da shugaba. Shugaban gwiwa ta matsa masa, ya ce zai sauka, za a zaɓi wani a fita ta gaba, a bakin kogi, bayan an ci abinci.

Tun daga ranar da labarin ya zo, surukina ya daina cin abinci da hankalinsa. Kujerar nan ita yake gani a cikin shayi. Ya faɗa wa dangin matarsa an gama magana. Ya kira mai fenti ya ƙara "Shugaba" a allon shago, ya rufe wajen da tsumma kafin ranar buɗewa. Ya koya wa jikokinsa yadda za su riƙa gaishe shi.

Abokin takararsa kuwa abin tausayi ne. Mai Kemis ne na bakin kasuwa, siriri, mai sanyin murya, wanda ya shiga ƙungiyar don likita ya ce ya riƙa shan iska. Tsoron ƙugiya yake ji. In an je kogi, a ƙarƙashin lema yake zama yana shafa maganin sauro. Ba shi ya nemi takarar ba ma, Tela, wani ɗan ƙungiyar mai son barkwanci, shi ya ambaci sunansa don a samu na biyu a yi dariya. Surukina kuwa ya laƙaba masa suna Ɗan Auduga.

Duk da haka babban mutum ba ya raina yaƙi. Ya miƙe a taro ya yi shela.

"'Yan'uwa mazan daji! Ni ba zan raba muku alewa ba. Abin da zan ba ku ya fi haka. Kowa ya kawo mini wuƙarsa. Kowa! Zan wasa ta da hannuna, kyauta, a kan dutsen da kuka daɗe kuna jin labarinsa. Ranar zaɓe, wuƙaƙenku ne za su yi mini magana."

Aka yi tafi, don an daɗe ana son ganin ranar. Kafin mako ya zagayo, teburin falonmu ya cika da wuƙaƙe: mai ƙotar ƙaho, mai naɗewa, doguwa, gajera, da ta Tsohon Shugaba, wato mai shirin sauka, wadda ya gada wajen mahaifinsa. Yawancinsu da kaifinsu suka zo, gwargwadon hali.

A nan ne aka ga inda ilimi ya yi rana. Mutum na son kujera, amma yana son dutsensa ya fita daga aikin kamar bai shiga ba. Ya zauna ya yi tunani irin na tsohon mai sito, ya samo dabara. Da fari ya ƙara wa dutsen mai, ya yi masa kauri sosai, don kariya. Sannan ya lura cewa in aka kwantar da wuƙa a jikin dutse, ƙarfe da yawa ke taɓa shi, ɓarna ta yi yawa. Sai ya tsayar da ita ƙyam, baki a ƙasa, kamar mai shirin yanka dutsen gida biyu, don siririn bakin kaɗai ya taɓa. Ya danna, ya ja, ya tura, ya ja, ya tura. Kowace wuƙa sai da ya yi mata hidima har gumi ya jiƙa masa wuya. In ya gama sai ya goge ta da auduga har ta ɗauki ido.

Ina zaune ina tsinkar ganye, na ce, "Ba ka ɗan gwada ta a jikin wani abu?"

"Gwaggo, ai gwaji shi ke cinye kaifi. Abin da aka gyara a ajiye shi ake yi."

Na ce haka ne, na ci gaba da ganyena.

Kowace wuƙa ya mayar da ita kubenta, ya naɗe bakin kuben da salatif, ya miƙa wa mai ita da gargaɗi: kada a zare sai ranar, a gaban jama'a, don iska ma tana rage kaifi. Dattawan nan suka karɓa da hannu biyu, suka kai gida suka ɓoye wa yara.

Ranar zaɓe aka ce kowa ya zo da iyalinsa. Surukina ya kwashe mu duka, har ni, don a samu masu ba da labari. Ya kuma aika wa matan 'yan ƙungiya cewa kada wadda ta ɗauko wuƙar kicin, cin fuska ne ga aikin da aka yi.

Wurin yana da kyau, ba a ƙi gaskiya ba. Inuwa, ruwa na tafiya a hankali, yashi fari fat, ko tsakuwa babu. Kuma ranar kifi kamar an yi masa kiran gayya. Mutanen da suka saba dawowa da ɗan abin da kyanwa za ta raina, ranar suka cika bokitai. Aka hura wuta. Mata suka baje albasa da tumatir a kan tabarma. Rana ta take, yara suka fara kewaya bokitan, cikin kowa na kuka.

Sai Uban Kaifi ya hau kan akwatin ƙanƙara, akwatin ya yi ƙara amma ya jure.

"'Yan'uwa! Tarihi ba ya sallama in zai shigo. Yau za ku ga bambanci tsakanin wanda ya san ƙarfe da wanda ya san ƙwayar ciwon kai. Ku yi hankali da yatsunku, don asibiti da nisa. A kawar da yara. Kowa ya kama ƙota. Zare!"

Aka ɓare salatif, aka zare gaba ɗaya. Kai, abin ya yi kyau! Hasken rana ya bugi wuƙaƙen nan har tsuntsaye suka tashi. Mata suka yi guɗa. Mai hoto ya ɗauka.

Tela ne ya fara durƙusawa a gaban wani ƙaton kifi. Ya ɗora wuƙa a ciki ya ja. Wuƙa ta wuce sumul, kifi na nan yadda yake. Ya sake ja. Ya danna da hannu biyu har kifin ya zille ya faɗa yashi.

"Uban Kaifi," in ji shi, "mutumina, yanka ka ce ko susa? Kifin nan in da rai gare shi da ya yi mini godiya."

"Hannunka ya saba da almakashi. Ɗan karkata ta za ka yi."

Can gefe Tsohon Shugaba na ta gurza igiyar tanti da wuƙar mahaifinsa, igiya ta yi zafi amma ko zare ɗaya bai tsinke ba. Ya ɗaga wuƙar ya shafa bakinta da babban yatsa. Ya shafa a tafin hannu. Ya shafa a kumatu. Sannan ya dubi sama kamar mai ba mahaifinsa haƙuri. Wani ya ɗora tasa a kan albasa, albasa ta yi tsalle ta gangara kogi, yara suka bi ta da ihu.

Surukina ya sauko daga kan akwati. Ya ce kifin wannan kogi an san shi da kaurin fata. Ya ce igiyar ta jabu ce. Ya ce albasar bana duk haka take. Sannan ya ce a ba shi wuri. Ya zare tasa wuƙar, ya zaɓi tumatir mafi nuna, ya ɗora a kan faranti, ya naɗe hannun riga, ya jira kowa ya matso. Ya danna. Tumatir ya lotsa, ya kumbura ta gefe, ya yi haƙuri iya haƙurinsa, sannan ya fashe ya wanke masa gaban riga har gemu.

Da wani mutum ne, da a nan zai nemi inda zai zauna. Amma babba babba ne. Ya sa hannu a aljihun ƙirji, ya ɓalle maɓalli, ya ɗaga dutsen sama yana juya shi a rana.

"To ku duba nan! Ku duba da kyau! Wuƙaƙen ƙungiyar nan kaf a kansa suka bi. Akwai ƙwarzane? Akwai lotsawa? Wanda ya ga tabo ya faɗa! Wannan shi ake kira ƙarko!"

"Shi kam lafiyarsa ƙalau," in ji Tela. "Allah ya ƙara masa. Mu ne dai ke kwance."

Aka rasa yadda za a yi, aka jefa kifin a wuta yadda yake, da ɓawonsa da kayan cikinsa. Waje ya ƙone, ciki ya yi ɗaci. Wanda ya kai baki sai ya juya ya tofar. Yara suka fara kuka da gaske. Matar Tsohon Shugaba ta dubi 'yar ƙanena ta ce, "Sannu, 'yar'uwa, ashe kina haƙuri," ita kuma ta duƙar da kai tana gyara ɗaurin ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

Ana cikin haka Mai Kemis ya taso daga ƙarƙashin lemarsa, yana ba da haƙuri tun kafin ya iso. Ya ce shi cikinsa ba ya karɓar kifin kogi, shi ya sa kullum yake zuwa da na gwangwani. Kuma uwargidansa ba ta san kaɗan ba, katan guda ta sa masa a mota, da burodi irin wanda ake sayarwa a yanke. In ba za a ɗauka raini ba ne.

Ba a ɗauka raini ba. Gwangwanin irin mai zobe a murfi ne, yatsa kawai ake sawa a ja. Mazan daji, masu kwana inda babu ƙofa, suka zauna a yashi a layi, wuƙaƙe a gefe suna sheƙi, kowa na dangwala burodi a man kifi yana lashe yatsa. Ni ma na ci gwangwani biyu. Surukina ya ce shi ba ya cin abin da inji ya dafa. Daga baya na hango shi a bayan mota, ya juya wa jama'a ƙeya, kumatunsa na motsi.

Da ciki ya ɗauka, Tsohon Shugaba ya ce a yi abin da ya kawo mu. Masu son Mai Kemis su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi kamar dawa a gona, duk suna naso da mai. Mai Kemis ya waiga bayansa don ya ga wa ake nufi. Masu son Uban Kaifi. Hannu ɗaya ya tashi, riƙe da dutse. Ya daɗe a sama, ko wani zai tuba. Babu wanda ya tuba.

A mota babu mai magana sai shi. Ya ce an sayi mutane da burodi. Ya ce jama'ar yanzu ba su san kaya ba. Ya ce ƙafarsa ta bar ƙungiyar nan har abada.

Abadan ta ƙare ranar taro na gaba, don an ce za a ɗauki hoton sababbin shugabanni. Abin da ya faru a can, matar Tela ce ta kawo mana shi da ɗuminsa. Mai Kemis ya zauna a kujerar shugaba, ya ɗora hannu a tebur, tebur ya karkata, shayi ya zube masa a cinya. Ashe ƙafa ɗaya ta gaza. Aka ninke kwali aka cusa, ya lotse. Aka sa murfin kwalba, ya tauye. Tela ya ce wannan sai abu mai tauri, wanda nauyi ba ya yi masa komai, wanda aka tabbatar ba ya ƙujewa. Kawuna suka juya wuri ɗaya.

Mai Kemis, da sanyin muryar nan tasa, ya ce, "Yallaɓai, duk garin nan abu ɗaya ne muka shaida ƙarkonsa da idonmu. In za ka taimaki ƙungiya."

Mutum ya yi shekaru yana jiran a yabi dutsensa a gaban taro, ga shi an yaba. Ya tashi, ya gyara hula, ya ce tun da an gane gaskiya, shi ba mai riƙo ba ne. Ya taka har gaban sabon shugaba, ya durƙusa, ya rarrafa ƙarƙashin tebur, ya cusa dutsen. Ya shiga daidai, kamar don wurin aka sassaƙo shi daga tsaunin. Tebur ya tsaya cak. Aka yi tafi, aka ba shi muƙamin mai kula da ƙafar tebur nan take.

Yanzu duk wanda ya shiga shago sai ya ji cewa shugabancin ƙungiyar kaf a kan dutsen Uban Kaifi yake tsaye, in ya zare shi komai ya rushe. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Ba ya yarda dutsen ya kwana a waje, don haka duk taro sau biyu yake gurfana a gaban Ɗan Auduga, da farko ya sa, da ƙarshe ya cire.

Hoton ma ya fito, an sa shi a gilashi an rataye a ɗakin taro. Mai hoto ya yi sauri, bai jira an gama gyaran tebur ba. Shugabanni duk sun fito da fuskokinsu, suna murmushi. Surukina ma ya fito, a tsakiya, ya fi kowa cika hoton. Sai dai ba ta wajen fuska ba.